Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda aka gina a 1958, ya san irin kayan da suka saba ratsa kogin Isa a wannan mashigi. Albasa da wake da dabbobi su gangara kudu, masara da doya da garin rogo su hauro arewa, a tsakaninsu kuma akan ga wasu akwatuna masu ƙarar kwalabe, waɗanda kowa ya san abin da ke cikinsu, amma ba mai son ambaton sunansa da ƙarfi. Ko da aka rufe gadar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ciniki bai mutu ba, mutane da kaya sun koma cikin kwale-kwale, domin Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulanin wannan yanki sun girmi iyakar da aka shata musu.

A cikin tafiyar yini guda daga wannan gada, ƙwayar dawa ɗaya tana fuskantar hukunci iri uku. A gabas, a Kamba ta jihar Kabi, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 bayan Zamfara ta share hanya, tukunyar burkutu abar tuhuma ce a gaban hukuma. A Gaya kanta, dokar Nijar ba ta haramta giya ba, tana ba mashaya izini tana karɓar haraji, sai dai idon jama'a ya fi na doka kaifi. A kudu kuwa, daga Kandi zuwa Paraku har Natitingu, cukutu abin sha ne na kasuwa, mata ke dafa shi, ana auna shi da ƙwarya a ƙarƙashin rumfa da rana tsaka. Saboda haka babu inda ya fi Gaya dacewa a tsaya a dubi wani sabon yayi da ya taso daga manyan birane, a kuma tambayi abin da ya shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu a cikinsa.

Yayin da ake magana a kansa shi ne na giyar sana'ar hannu, wato wadda ƙananan masana'antu ke dafawa kaɗan-kaɗan, suna tinƙaho da cewa tasu ta bambanta da ta manyan kamfanoni. Asalinsa daga Turai da Amurka ne. Wasu ƴan Ingila sun kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar gargajiya daga mamayar manyan kamfanoni. A Amurka shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 a kan dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gidansa, kuma masana'antun giya na ƙasar, waɗanda ba su kai 100 ba a ƙarshen shekarun 1970, sun haura 9,000 a 2022. Wannan kasuwa a kan duwatsun murhu uku take girke. Na farko biki, inda masu dafawa ke baje kolinsu ana kiɗa ana ɗanɗanawa, bisa koyi da bikin Oktoberfest na birnin Munik a Jamus, wanda aka fara a 1810, yake kuma tara mutane wajen miliyan 6 a shekara. Na biyu fitar da giya ta musamman a kowane yanayi, ta bazara daban, ta sanyi daban. Na uku ziyarar gani da ido, inda baƙo ke biyan kuɗi a zagaya da shi cikin masana'anta ana nuna masa tukwanen ƙarfe. Yayin ya iso Afirka ta Yamma. A 2017 aka gudanar da babban bikin giya na farko a Legas, a wannan shekara kuma aka kafa wata ƙaramar masana'anta a Abuja, wadda daga baya ta buɗe a Legas, sunanta kuwa Bature Brewery. Kalmar Hausa ce tsantsa a jikin kwalba, kuma ɗaya daga cikin giyoyinta, Harmattan Haze, hazon hunturu aka ara aka raɗa mata.

Tun kafin tafiya ta yi nisa, wajibi ne a kawar da wata shubuha. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ya sauko daki-daki daga aya ta 219 a Suratul Baƙara, zuwa ta 43 a Suratun Nisa'i, har ya cika a aya ta 90 a Suratul Ma'ida, kuma babu mai hankalin da zai nemi sake buɗe wannan babi a shafin mujallar al'adu. Maganar da ke gaba ta tarihi ce da ta adalci. Wane ne ya mallaki ilmin sarrafa dawa? Wa ke cin ribarsa da sunan al'ada, wa ke shan zagi a kansa? Me kuma zai faru da al'ummar da ta ƙi rubuta wani sashe na tarihinta saboda kunya, alhali masu talla sun riga sun fara rubuta mata shi a jikin alluna?

A fara da bikin. Ana gabatar da shi ga matasan birni tamkar wata sabuwar wayewa da aka sauke daga jirgi, alhali taron jama'a a gindin tukunyar dawa ya daɗe a ƙasar nan fiye da yawancin ganuwoyin birane. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya jero manyan mutanen Barbushe a gindin Dala tare da sana'o'insu, kuma a cikinsu, kusa da maƙeri da mai magani, akwai Bugazau mai dafa giya. Malamin da ya rubuta wannan tarihi da Larabci Musulmi ne, amma bai tsallake sunan ba. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, da Guy Nicolas, wanda ya yi nazarin Arnan kwarin Maradi ya wallafa babban aikinsa a 1975, duk sun nuna matsayin giyar dawa a tsafi da aure da makoki. A gayyar noma ma, a wurare da dama, ita ce ladan waɗanda suka zo taya huɗa. Ke nan abin da ake sayar wa ɗan boko tikitinsa a bakin tekun Legas, kakannin kakanninsa sun san shi, sun kuma san dalilin da ya sa mafi yawansu suka bar shi. Shi kaɗai ne ba a gaya wa ko ɗaya daga cikin labaran biyu ba.

Batun sana'ar hannu kuwa, in dai da gaske ake, to macen da ke dafa cukutu a ƙauyukan Bargu, ko burkutu a ƙasar Zuru, ita ta fi kowa cancantar wannan suna. Za ta jiƙa dawa, ta tsame ta shimfiɗa a inuwa, ta rufe tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro cikin ƴan kwanaki, ta shanya, ta niƙa, ta dama garin da ruwa. Daga nan sai ta yi wani abu da ya cancanci a koyar da shi a ajin kimiyya. Takan bar damun ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, ta dafa kaurin da ya rage shi kaɗai, sa'an nan ta mayar masa da ruwan da ta ajiye. Dalilin haka shi ne, sitacin dawa ba ya nuna sai da zafi mai tsanani, sinadarin da tsiro ke samarwa don mayar da sitaci sukari kuwa wannan zafin kashe shi yake yi. Ta hanyar raba su da sake haɗa su, ta tsirar da sinadarin daga wuta, ta kuma nunar da sitacin. Ba ta da ma'aunin zafi, ba ta san sunan sinadarin ba, amma ta warware matsalar da ta wahalar da injiniyoyin manyan kamfanoni. Masana a jami'ar Abomey-Calavi ta Benin sun yi shekaru suna nazarin cukutu da irin tsamin da ake tayar da shi da shi. Sakamakon yana nan da Faransanci da Ingilishi, cikin harsunan da matan da aka ɗauko ilmin a bakinsu ba sa karantawa.

Haka abin yake ga maganar yanayi. Masana'antar birni tana da injin sanyi da rumbun ajiya, tana iya dafa abu ɗaya daga Janairu zuwa Disamba, yanayi a wurinta suna ne da launin takarda, dabarar sa mai saye ya gaggauta kafin kaya su ƙare. A ƙauye kuwa yanayi umarni ne. Sai kaka ta yi, an cika rumbu, an ga abin da zai kai gida damina, sa'an nan a san ko akwai rarar da za a jiƙa. Shekarar fari tukunya a kife take kwana, domin ba a dafa abin sha da hatsin tuwon yara. Abin da aka dafa kuma ba ya jure ajiya, cikin kwana biyu ko uku ya yi tsamin da ba ya shawuwa, shi ya sa bai taɓa zama hajar da ake loda wa mota a kai wata ƙasa ba. Wannan iyaka da hatsi da zafin rana suka gindaya ita ce ta riƙa taƙaita shan, kafin kwalba ta zo ta kawar da ita.

A kan ziyara ne rashin adalcin ya fi fitowa fili. A birni baƙo yakan biya kuɗi, a ba shi hular kariya, a zagaya da shi, ya ɗauki hoto ya ɗora a Facebook, a kira shi mai sha'awar al'adu. A bayan gari kuwa, baƙin da ke ziyartar mai tukunyar ƙasa ba da tikiti suke zuwa ba, da kulki suke zuwa, kuma sau da yawa tukunyar ba ta kwana lafiya. Mai dafawar galibi mace ce, sau da yawa wadda mijinta ya mutu ko ya tafi cirani, wadda da wannan ƙwaryar take biyan kuɗin makarantar ƴaƴanta. Abu ɗaya ake yi a wuraren biyu, daga ƙwaya ɗaya, sai dai ɗaya yana da lauya da allon talla, ɗayar kuwa zanenta kaɗai gare ta. Idan abin laifi ne, laifin tukunyar ƙarfe mai cin dubban buhuna ya ninka na tukunyar ƙasa mai cin ƴan tiyoyi. Idan kuma abin gwaninta ne, an san wadda ta riga. Ta kowace fuska aka duba, kura ce ke shan bugu, gardi na karɓar kuɗi.

Wannan rabo ba yau aka fara shi ba. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta ba Turawan mulki damar hana shigar da barasa yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, a kan haka aka haramta sayar wa ƴan ƙasa barasar Turai a Arewacin Nijeriya, alhali a kulob ɗin Turawa kwalba ba ta yanke ba. A Afirka ta Kudu an yi abin da ya fi wannan muni. Bayan dokar 1908 ta lardin Natal, hukumar birnin Durban ta ƙwace dafa giyar dawa daga hannun mata ta mayar da ita tata ita kaɗai, tana sayar wa ma'aikata baƙar fata a mashayunta, tana amfani da ribar wajen gudanar da unguwannin da aka killace su a ciki. A 1959 matan unguwar Cato Manor suka fusata suka afka wa waɗannan mashayu da sanduna. Darasin a sarari yake: a fara ɓata sunan sana'ar talaka, a hana shi, daga baya a ɗauki sana'ar a sa mata tambari a sayar masa.

A wannan yanki ma tarihin bai yi nisa da haka ba. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da Star a Legas a 1949, Guinness ta kafa masana'anta a Ikeja a farkon shekarun 1960, a Yamai kuma Braniger ta yi shekaru tana fitar da giya mai hoton raƙumin dawa, a Benin SOBEBRA tana fitar da La Béninoise. Duk da sha'ir ɗin Turai aka fara, ana yi wa dawa kallon hatsin ƙauye. Sai a 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir saboda ƙarancin kuɗin waje, kamfanoni suka juyo ga dawa ala tilas, suka tarar da matsalar zafi da sinadarin nan da matan ƙauye suka daɗe da warwarewa. Tun daga lokacin, wani kaso na dawar da manoman Arewa ke nomawa, wadda ke bi ta manyan kasuwannin hatsi irin Dawanau ta Kano, a masana'antun nan yake ƙarewa. Kuma ba giya kaɗai ake yi da ita ba. Abin shan nan marar sa maye, irin su Maltina da aka fara fitarwa a 1976, wanda ake rabawa a wurin ɗaurin aure da walimar saukar karatu ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, daga tsiron hatsi ake yin sa, a masana'antun kamfanonin da ke dafa giyar. Manomi ya sayar da buhu da araha, ya sayi ƴar kwalba da tsada, bai kuma san tsiron da kakarsa ta iya yi a bayan ɗaki ne aka mayar masa ba.

Sai dai zargin masu talla abu ne mai sauƙi, ɗan kasuwa aikinsa yake yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban laifin yana wuyan waɗanda aka ɗora wa amanar adana al'ada suka zaɓi yin shiru. A duba yadda ake jero sana'o'in gargajiya a aji da ranar bikin al'adu: noma, ƙira, saƙa, jima, dukanci, rini, su, fawa, wanzanci, sassaƙa. Akan kawo ɗan bori a wasan kwaikwayo, a yi bayanin ƴan tauri da gardawa, a ba da labarin Tsumburbura, amma da an iso bakin tukunyar dawa sai a yi tsalle, tamkar ba a taɓa yin ta ba. Ɗalibin da ya tashi a haka zai ɗauka cewa kakanninsa ba su san komai game da sarrafa hatsi ba sai tuwo da fura, ranar da ya ga tallar birni kuwa zai gaskata cewa ilmin daga Jamus ya zo. Wanda aka ɓoye wa tarihinsa ba ya iya alfahari da basirar da ke cikinsa, ba ya kuma iya fahimtar girman sauyin da Musulunci ya kawo, domin bai san me aka bari ba balle ya san nauyin barinsa.

Magabata ba haka suka yi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya zayyana al'adun sarakunan Haɓe ɗaya bayan ɗaya, har da ci da shan abin da suka ga dama ba tare da kula da halas ko haram ba, kuma albarkacin wannan rubutu ne masana tarihi suka san abubuwa da yawa game da mulkin da ya yaƙa. Ya rubuta abin da ya ƙi, bai ji tsoron rubutun zai sa a koma gare shi ba. A zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Damagaram an daɗe ana karanta diwanin mawaƙan Jahiliyya shida, waɗanda a cikinsu Ɗarafa da Antara suka ambaci giya ba ɓoye-ɓoye, kuma malaman Musulunci ne suka adana waɗannan waƙoƙi saboda harshen da ke cikinsu. A adabin Hausa na zamani ma fagen bai kasance kurma ba. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya yi waƙa sukutum yana la'antar giya da fayyace ɓarnarta, Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi tasa ta ƴan mashaya wadda aka sani da A Sha Ruwa. Malamin adabin da ya karantar da ta farko ya yi kamar bai san ta biyu ba, rabin muhawara ya ba ɗalibansa.

Za a ce ai ambaton abin a aji kwaɗaitarwa ne, yaro zai so ya gwada. Wannan tsoro ne na iyaye masu kishin ƴaƴansu, bai kamata a yi masa dariya ba, amma ya kamata a auna shi da abin da ke faruwa a tasha da bakin kogi. Abin da ke cin matasan kan iyaka a wannan zamani ba ƙwaryar tsohuwa ba ne. Tramol ne, da maganin tari mai kodin wanda Nijeriya ta hana a 2018, da barasar leda mai arha wadda hukumar NAFDAC ta sanar da haramta ta a 2024, da sodabi da ogogoro waɗanda ake tatsa daga bammi su fi burkutu ƙarfi ninki-ba-ninki. A 2015 mutane da dama sun makance ko sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo bayan shan barasar gida mai guba. Ba malamin makaranta ne ya koya wa yara waɗannan ba, wayar hannu da aboki da allon kan hanya sun riga shi. Yaron da aka yi wa bayanin yadda sukari ke juyewa ya zama abin maye, da bambancin abin da aka tsima da wanda aka tatsa, da abin da kowannensu ke yi wa hanta da hankali da aljihu, ya fi ƙarfin tsayawa a gaban mai talla a kan wanda aka ce wa kawai kul. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhun ne ake sayar da ledar.

Daga ɗaya gefen kuma za a sami masu cewa, tun da haka ne, me zai hana a shirya wa Gaya nata bikin, a kawo masu cukutu daga tsallake, a jawo ƴan yawon buɗe ido? Wannan ma kuskure ne, har ya fi na farko. Gari ne na Musulmi mafi rinjaye, kuma bikin da zai ci mutuncin masu gari a kan idonsu fitina zai haifar. Matan da ake cewa za a ɗaukaka, abin kallo za a mayar da su na yini biyu, a ɗauke su hoto, ribar ta koma aljihun mai rumfunan haya da kamfanin da ya ɗauki nauyin taron. Ƙasar da ta ga yunwar 2005 da idonta kuwa ba ta da hujjar koya wa kowa cewa zubar da hatsi cikin tukunya abin tinƙaho ne. Adana labarin abu daban ne, tallata shi daban, kuma aikin ƙungiyar al'adu a na farko ya tsaya.

A 2016, a zama ɗaya a Adis Ababa, hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu da al'adar giya ta ƙasar Beljiyam cikin jerin al'adun duniya da ake gado. Shekaru biyu kafin nan, a 2014, ta sanya wasan barkwanci tsakanin taubasai na Nijar. Babu ɗayansu da ya shiga don ya fi sauran al'adun duniya daraja. Sun shiga ne domin an sami waɗanda suka zauna suka rubuta, suka ɗauki murya, suka tattara hujja. A duniyar yau abin da ba a rubuta ba na wanda ya fara rubuta shi ne, shi zai raɗa masa suna, ya yanka masa farashi.

Abin da ake nema daga malamai da ƙungiyoyi bai fi ƙarfinsu ba. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana bukatar ƙamus da bai tsallake kowane fanni na rayuwa ba. Kalmomin jiƙo da tsiro da tata da tsimi, sunayen tukwane da matatai da irin dawar da ta fi dacewa da kowane aiki, a Hausa da Dandanci da Kyanganci, suna bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa don tattara tarihin baka a zamanin su Bubu Hama, don irin wannan aiki aka yi ta, kuma kowace ƙungiyar malamai a Gaya ko Doso ko Dogon Dutsi tana iya farawa da waya guda mai ɗaukar murya, da ladabin zama a gaban tsohuwa ba tare da an tozarta ta ba. Malamin kimiyya ba ya bukatar ko ɗigon abin maye don ya koyar da darasin. Tsiron shinkafa ko na dawa da ake zuba wa kunun zaƙi don ya tsinke ya yi zaƙi, wannan sinadarin ne dai, kuma ana iya gwada shi a gaban ɗalibai da kofi biyu na kunu mai kauri. Malamin tarihi kuma ya karanta wa ɗalibansa sunan Bugazau yadda marubucin Kano ya bar shi, ya bi su da labarin yadda aka yi ƙasa ta sauya.

Idan kuwa biki ake so, Gaya ba ta rasa abin bajewa ba. Ga giginyar Dallol Mauri da muruci, ga gishirin Foga, ga rake da shinkafa da kifin kogi, ga fura da kunun zaƙi da kunun tsamiya da ƙoƙo da zoɓo, kowanne da gwanayensa mata waɗanda ba a taɓa kiran sunansu a lasifika ba. Bikin kaka da zai tara waɗannan, a yi gasa, a ba da kyauta, a buga ɗan littafi da Hausa da Faransanci mai bayanin yadda ake yin kowanne, zai halartu ga liman da fasto da ɗan makaranta ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. A cikin littafin kuma a ware babi guda na tarihin tukunyar dawa, a faɗi waɗanda suka dafa ta, da abin da suka sani, da dalilin da ya sa aka bar ta a nan aka riƙe ta a tsallaken kogi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma tsofaffin da suka san wannan waƙar ba za su jira a gama jin kunya ba.